Lambar Ƙanena Tana Rataye A Ɗakin Kawu

A lokacin ni manomin gyaɗa ne a wani ƙauye kusa da Kafin Dafga. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa nake iya haɗawa, Turanci kuwa ko kalma ɗaya. Ƙanena soja ne. Ranar da ya shiga aikin, kawunmu na Rogo, tsohon malamin makaranta, ya ce ya zubar mana da mutunci, kada ya ƙara taka masa zaure. Aka tura su yaƙin Laberiya. Bai dawo ba, gawarsa ma ba ta dawo ba.

Wani abokin aikinsa mai hannu ɗaya ya zo mana ta'aziyya. Ya ce ƙanena ne ya goyo shi ya tsallake gada ana ta harbi, ya koma ya ɗauko na biyu, da ya koma ɗauko na uku harsashi ya same shi. Innarmu ba ta yi kuka ba. Tambayarsa kawai ta yi ko yaron ya bar wani abu da za ta riƙe. Ya ce babu.

Bayan wata uku takarda ta zo daga soja, da Turanci. Ga hedimasta nan iyakar gonarmu ɗaya, amma na ce maganar gida ce, na hau keke na kai wa Kawu. Ya sa tabarau, ya karanta sau biyu, ya ce ta'aziyya ce kawai, ya sa a aljihu. Har godiya na yi masa, na bar masa zakara.

Inna ta rasu bayan damina biyu, tsohuwar malafar ƙanena a ƙarƙashin matashinta. Da na je Rogo daga baya, sai ga hoto a bango: Kawu cikin babbar riga a barikin Kano, yana karɓar lambar jarumta. Lambar kuma ga ta a gilashi. Ashe takardar nan ta gayyata ce, Inna aka gayyata. Na yi masa magana, ya ce ni da tsohuwa me za mu yi a gaban manyan soja, in ba ba dangi kunya ba. Baƙinsa kuwa ce musu yake shi ya raini yaron.

Na yafe abubuwa da yawa, wannan na kasa. Abin da ke cina, da hannuna na kai masa. Duk wanda takarda ta zo masa bai iya karantawa ba, ya nuna wa mutum biyu, ko da na farkon ƙanin uwarsa ne. Inna abin riƙewa kawai ta nema, kuma an aiko mata.