Tayar da Ta Ƙi Shiga Keken Baba

Jiya jikana ya shigo gida da sabuwar tayar keke rataye a wuyansa, baki har kunne, ya ajiye ta a gefen tabarmata wai in sa albarka. Warin sabuwar roba ne ya riga shi isowa. Ni kuwa warin nan ba ma shiri da shi. Duk sanda na shaƙe shi sai in ji ɗacin kaba a harshena, alhali rabona da tauna kaba tun ina yarinya. Na sa masa albarka dai, ya fita. Bari in faɗa muku dalili.

Ƙauyenmu yana bakin Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Tasawa. A shekarar da nake ba ku labari, zamanin mulkin soja ne, ruwa ya ɗauke tun hatsi bai wuce gwiwa ba. Muna ji muna gani ya yi ja ya kwanta. Kafin sanyi ya shigo an share rumbu, an kakkaɓe, an sake sharewa. Muka koma kan anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana da kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwa kafin su ciwu. Mu biyar ne a gidan: Baba, da Inna, da Kaka mahaifiyar Baba, da ni, sai ƙanena da ke goye. Shi ne abin tsoron. Nonon Inna ya kama ƙafewa, yaron ya tsotsa ya tsotsa ya saki. Da farko kukansa yana hana mu sakat, daga baya sai ya riƙa buɗe baki kawai, muryar ba ta fita. Kaka ta ce in Inna ta sami kunun hatsi na gaske ko na kwana uku ne, nono zai dawo.

Ana cikin haka maigari ya tara magidanta ya ce za a kawo dawar taimako Mayahi nan da kwana uku. Kowane maigida ya je da kansa, da takardar iyalinsa a hannu. Ƙauye-ƙauye za a kira, kuma soja ba sa maimaita kira. Jakinmu ya riga ya mutu. Baba kuwa ya rame har wandonsa sai da igiya biyu, ba mai ɗaukar buhu a kai ba ne daga Mayahi zuwa gida. Abin da ya rage mana keke ne.

Keken nan Baba ya sayo shi ne can wajen Katsina a shekarun wadata, da ya je cin rani. Dogo ne, baƙi, mai ƙararrawa. Yana ji da shi ƙwarai. Inna takan ce da ita da keken za su faɗa rijiya tare, ta san wanda za a fara jawowa. Sai dai tayar baya ta gama aiki. Tsidau ya huda ta ya fi a ƙirga, faci kan faci, har baduku ya ɗinke ta da fata, har aka koma cusa mata tsumma. A ƙarshe wayar bakinta ta tsinke, ta zama ba ta kama ƙarfen ƙafar ko kaɗan. Baba ya dubi keken, ya dubi akuyarmu ta ƙarshe, ya ce gobe kasuwar Tasawa.

A wurinmu ba a sayen abu da lamba. Hula ce, takalmi ne, ƙyauren ɗaki ne, da kaba ake awo a kai wa mai sayarwa. Ƙafar keken ba ta ciruwa, ƙusar ta yi tsatsa, mai sifana ɗaya tilo a ƙauyen kuma ya yi kudu da iyalinsa. Don haka Kaka ta murza siririyar igiya da ɗanyar kaba, Baba ya zagaya ta a kan ƙarfen ƙafar baya, ya yanke daidai inda baki ya haɗu da baki. Sau biyu ya sake gwadawa. Mutum ne da ba ya wasa da awo, in ya auna gona ba mai sake aunawa bayansa.

Da ni aka tafi, don akwai gwaggona a Tasawa, ana sa ran ko zan sami abin sawa a baki a gidanta. Muka kama hanya bayan sallar asuba. Ba mu yi nisa ba akuyar ta durƙushe, ta ƙi tashi, Baba ya saɓa ta a wuya. Da hannuwansa suka cika sai ya miƙo mini igiyar awon, ya ce in riƙe da kyau. Yana gaba ina baya, yashi yana cin ƙafafunmu.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san abin da nake yi ba. Na sani. Igiyar tana da ɗan danshi, tana ƙamshin ɗanyen ganye, ni kuwa tun jiya ruwan anza ne kaɗai a cikina. Na ce bari in ɗan lasa bakinta. Daga lasa na koma tsotsa, daga tsotsa haƙori ya shiga. Ba daɗi gare ta ba, ɗaci ne da bauri, amma tana tara miyau, kuma in baki yana motsi ciki yakan ɗan yi shiru. Ban farga ba sai da rufin kwanon Tasawa ya fara ƙyalli a gabanmu. Na duba bakin igiyar, na ga na cinye kamar faɗin yatsa biyu. Na murza sauran da miyau, na dunƙule a hannu, na ce a raina yatsa biyu a igiyar da ta fi Baba tsawo ai ba komai ba ne.

Akuyar ta sayu da ƙyar, a wulaƙance, abin da aka samu kuma taya ɗaya kawai zai saya. Mai tayoyin wani dattijo ne mai furfura a gemu, rumfarsa na bakin tasha, duk ta cika da warin nan na roba. Ya sauko da kayansa ya baje. Akwai siririya mai sulɓi, ya ce ta 'yan lakwal ce, wato 'yan makarantar boko, da ma'aikata masu hawa kan kwalta. Akwai mai kauri mai haƙora, wadda ke kama yashi kuma ƙaya ba ta saurin huda ta. Baba bai ko kalli siririyar ba. Ya ɗauki mai kaurin, ya matsa ta da babban yatsa, ya lanƙwasa, ya leƙa cikinta yana neman tsaga, har sansana ta ya yi. Sannan dattijon ya ce saura magana ɗaya: girma iri biyu ne. Akwai ta kekunan Nijeriya, akwai ta kekunan Faransa, a ido kamar ɗaya suke amma ta Faransa ta ɗan fi ƙanƙanta. Tun da aka rufe iyaka, tayar Nijeriya ta yi wuya, guda biyu suka rage masa. Ya tambayi lambar da ke jikin tsohuwar tayar. Baba ya ce shi bai san wata lamba ba, ga awo.

Na miƙa igiyar. Dattijon ya zagaya ta a bakin ta Nijeriya, ta kasa haɗuwa. Ya zagaya a bakin ta Faransa, ta zauna cif.

"Malam, ka ce daga Katsina ka sawo shi?" in ji dattijon. "Kekunan can wagga babbar suka ɗauka."

Baba ya dubi tayoyin biyu. Na ga shakka a fuskarsa, wallahi na gani. A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma uku ta isa. Amma na tuna akuyar da aka ja aka tafi da ita, na tuna idon mutanen kasuwa, harshena ya yi nauyi. Baba ya ce da hannunsa ya auna, har sau biyu, wanda ya sayar masa da keken yana iya yi masa ƙarya amma igiya ba ta yi. Aka ba shi ta Faransa.

Mun kwana gidan gwaggo, ta ba ni ɗan kunun dusa, na sha ina jin kamar sata nake yi. Washegari da azahar muka iso gida, Baba da taya a wuya inda akuya ta zauna jiya. Inna ta fito da yaron a kafaɗa, ta shafa tayar, har ta yi murmushi. Rabon da in ga haƙoranta an daɗe.

Aka kifa keken a ƙofar gida. Gefe ɗaya ya shiga, aka bi da shi a hankali har aka zo ƙarshe, sai ɗan abin da bai kai tafin hannu ba ya tsaya a waje ya ƙi hawa. Baba ya sa cokali, cokali ya lanƙwashe. Maƙwabta suka taru. Aka shanya tayar a rana don ta yi laushi, aka shafa mata ruwan toka, aka nemo ɗan guntun sabulu a gidan liman. Maza huɗu suka kama suna ja, mazan da yunwa ta riga ta cinye, suna ja suna haki suna zama. Roba tana miƙewa, amma wayar da ke bakinta ba ta san lallashi ba. Tun azahar ake abu ɗaya har rana ta yi ja. Hannun Baba ya fashe, jini yana bin ƙarfen, bai ko duba ba. Ni ina rakuɓe jikin danga, ina roƙon Allah a zuci Ya sa ta shiga, ina yi Masa alkawura iri-iri na yarinta.

Sai wani maƙwabcinmu ya ce a kawo awon a gani. Baba ya ciro igiyar daga aljihu ya zagaya ta a kan ƙarfen. Ta kasa haɗuwa da yatsa biyu. Ya kama bakin igiyar ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana dubawa. Na rufe ido ina jiran a kira ni.

"Ni na gajarta awo," in ji Baba. "Ido ya fara tsufa."

Ya mayar da igiyar aljihu. Mutane suka yi ta salati, wani ya ce ashe gwanin awo ma yana kuskure. Bai dubi inda nake ba.

Komawa Tasawa ba ta yiwuwa, rabon gobe ne. Kaka ce ta ce a kawo mata duk kabar da ke gidan. Ita da Inna suka tufka igiya mai kauri, aka nannaɗe ƙarfen ƙafar da ita, aka ɗaure tam. Da asuba Baba ya hau ya tafi, keken yana ƙara kamar ana jan ƙaya. Daga baya muka ji ko rabin hanya bai kai ba igiyar ta warware, ya koma turawa cikin yashi. Ya isa Mayahi an riga an kira ƙauyenmu an wuce. Aka ce waɗanda suka makara su jira sai an gama da kowa. Ya zauna a rana yana jira da takardarsa a hannu, kwana biyu.

Mu kuma muna gida muna duban hanya. Inna ta riƙa ɗiga wa yaron ruwa da yatsa. Ni nakan hau tsohon turmi in leƙa ta kan danga, in na hango ƙura in ruga in faɗa, sai ta zama guguwa. A safiyar kwana na uku na ga Kaka ta karɓi yaron daga cinyar Inna ta rufe shi da zane. Ƙanin Baba ya shigo da karan dawa ya auna tsawonsa don masu haƙa kabari, karan ko kamu biyu bai kai ba. Da la'asar Baba ya iso yana tura keken a kan ƙarfe tsirara, da rabin buhun jar dawa a baya. Ya ga mutane zaune a ƙofar gida, ya tsaya. Bai tambayi kowa komai ba. Dawar nan ita ta raya sauranmu har damina, amma ni kowace loma da ƙyar take wucewa.

Tayar ta zauna rataye a zaure shekara da shekaru, sabuwa ful, Baba ya ƙi sayarwa ya ƙi bayarwa. Ni kuma na girma da abin a cikina. Ban sani ba ko da ta shiga yaron zai rayu, wannan sanin na Allah ne, amma zuciya ba ta jin wannan magana. Sai da na yi aure na haihu, Baba ya tsufa har ba ya fita, wata rana na kawo masa fura na zauna, na ce akwai abin da nake so ya yafe mini tun shekarar fari. Ban kai ga ƙarasawa ba ya ɗaga hannu.

"Na ga wurin haƙoranki tun rannan," in ji shi. "Ba ke za ki roƙi gahwara ba. Ɗiyata ta yi tahiyar wuni a bayana tana cin kaba, ni ina ta lallaɓa akuya, ko sau ɗaya ban waiwayo ba. Shi ne abin da ban yahe ma kaina ba."

Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da ƙanena.

Yanzu kwalta ta ratsa inda muka taka yashi. Jikana ya ce lambar tana rubuce a jikin taya, waya kawai ya ɗauka ya yi mata hoto ya nuna wa mai shago, ko minti biyar ba a yi ba. Ina jinsa a tsakar gida yana buga famfo, tayar ta shiga ba gardama. 'Ya'yana suna yi mini dariya wai ina da wata ɗabi'a, ko gishiri zan aiki yaro ya sayo a bakin titi sai na tsayar da shi na tambaye shi ko ya ci abinci. In ya ce ya ci, sai na dubi bakinsa. In ban yarda ba, ya zauna ya ci tukuna, aiken ya jira.