Takalmin ɗan Suwidin

Lokacin da nake karatu a Lyon, ni da wani ɗan Suwidin muke zaune gida ɗaya. Mutum ne mai tsari har ya gundure ka, kowane cokali da wurinsa. Abu ɗaya ya haɗa mu: shi ma yana tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Na ɗauka na samu ɗan uwa.

Sai kawuna ya zo daga Aubervilliers, kusa da Paris, ya kwana biyu wurina. Dattijo ne mutumin Maraɗi, ɗan kasuwa, wanda ake ba ajiya ba shaida. A gidanmu can Nijar kuwa takalmin bakin ƙofa na wanda zai fita ne, ka zura ka je ka dawo. Da safe Kawu ya zura na ɗan Suwidin, baƙi mai ƙyalli, ya take dunduniyar, ya tafi sayen burodi. Ashe ranar ɗan Suwidin ke da ganawar neman aiki. Da takalmin gudu ya tafi a ƙarƙashin kwat.

Da yamma ya dawo fuska ja wur, ya nuna takalmin da aka mayar silifas, ya furta wata kalma da harshensu. Kawu ya ce in tambaye shi ma'anarta. Ɗan Suwidin kuwa bai iya amsa a taƙaice ba. Ya buɗe ƙamus a ordinatersa, wato kwamfuta, yana karanto mini ma'anonin da Ingilishi ɗaya bayan ɗaya: sata, ɗan hali, wawura, zarewa a ɓoye, ɗauka ba izini. Ni ban damu da takalmi ba, tsorona kada a kira Kawu ɓarawo a ɗakina, kuma da bakina.

Na ce wa Kawu wai aro ake nufi. Ya dube ni, ya dubi allon da ya cika da rubutu.

"Duk wannan aro ne, ɗana?"

Na ce harshensu ne mai yawan magana.

"Ko da Hausa, aro kalma ɗaya ce. Sata ce ke da sunaye da yawa."

Ya goge takalmin da gefen rigarsa, ya miƙe dunduniyar da yatsa, ya ajiye shi a wurinsa. Ɗan Suwidin ya ji kunya, ya dafa mana kifi, Kawu ya ci ya yi godiya. Na yi zaton magana ta mutu.

Ranar da na kare aikin digirina a gaban malamai, ƴan Nijar suka cika jirgin ƙasa daga Paris don taya ni murna. Kawu bai zo ba, waya ya bugo, ya sa mini albarka mai tsawo, ya ce ƙafa ce ke damunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ƙafarsa lafiya lau take, maganar takalmin nan ce ba ta mutu ba.