Bencin Tela

A shagonmu na gyaran kwamfuta Yaya nake ce masa, don ya ba ni shekara goma cur. A bayan idonsa kuwa Sannu-Sannu muke kiransa, kuma ni na raɗa masa sunan. Gara in faɗa tun yanzu: ina jin haushin mutumin nan, haushin da ba shi da wani tushe sai hassada.

Da gyaran tafireta ya fara. Da tafireta ta mutu, abokan sana'arsa suka watse, shi ko ya sayi tsohuwar kwamfuta ya zauna yana koyo da yatsa biyu, yana da shekara arba'in. Har yau da yatsa biyun yake bugawa. Ni da na yi makarantar abin, na fito da takarda mai hatimi, sai in ga kwastoma ya wuce teburina ya je ya ja kujera yana jiran Sannu-Sannu ya gama goge tabarau.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni dariya. Duk abin da ya haɗa, ba ya yarda ya yi aiki sai ya tsallaka titi, ya zauna a bencin telan da ke kallonmu, ya kashe intanet ɗin shago a wayarsa, ya gwada da datarsa kamar baƙo. Sannan ya dawo ya rubuta kwanan wata a farin tef ya manna a ƙarƙashin na'urar. Na sha ce wa Oga, mai shagon, rabin ranar Yaya a wurin tela take ƙarewa.

Sai ƙungiyar malaman makaranta ta kawo aiki. Suna so kwamfutocinsu su riƙa musayar darussa kai tsaye, wannan ta ba waccan, ba tare da wata babbar uwa a tsakiya ba. Kowace kwamfuta a tsarin tasha ce. Amma kafin malami ya shiga daga burawuzar wayarsa, wato manhajar buɗe shafukan intanet, sai an buɗe wa tashar wata ƙofa da ake kira websoket, wadda ke zama a buɗe magana na kai da komowa, kuma sai an kulle hanyar da satifiket, shaidar cewa tashar ba ta bogi ba ce. Oga ya ba kowannenmu tasha ɗaya, ya ce wanda shugabar ƙungiyar ta yaba da tasa, shi zai riƙe tsarin gaba ɗaya. Na so kujerar nan kamar in mutu.

Cikin awa biyu na gama tawa. Maimakon in nemi satifiket daga masu bayarwa, sai na ƙirƙiri nawa na sa wa kaina hannu, da niyyar in canza daga baya. Burawuzata ta yi gargaɗi, na danna mata na yarda, ta yi shiru. Daga nan komai ya riƙa tafiya sumul a teburina, har na manta da zancen. Yaya kuwa kwana uku yana abu ɗaya.

Ana gobe shugabar za ta zo, ya dawo daga bencinsa ya tsaya a kaina.

"Ƙanena, da ka ɗan tsallaka ka gwada taka daga waje."

"Yaya, ni ba ni da ɗinki a wurin tela," na ce masa. Oga ya yi dariya, na ji daɗi har cikin raina, na fita sayen kebul.

Washegari shugabar ta buɗe tashata a wayarta, ta haɗu nan take. Ta Yaya ma ta haɗu, amma shafin nasa fari ne fat kamar takardar asibiti, nawa kuwa na yi masa ado. Ta zaɓi tawa. Oga ya dafa kafaɗata, Yaya ya miƙo hannu ya ce Allah ya sanya alheri, ya koma kan wata firinta da ke cin takarda.

Bayan mako guda na ɗaga na'urar zan share ƙura, na ga farin tef a ƙarƙashinta. Rubutunsa ne, mai kwanciya gefe, da ranar da satifiket zai ƙare nan da wata uku. Na duba, na tarar ba nawa ne a kai ba, na gaske ne, an sa shi a daidai lokacin da nake kasuwar kebul. Da nawa ne, wayar shugabar ko gargaɗi ba za ta yi ba, ƙin haɗuwa kawai za ta yi, ni kuma in tsaya ina zufa a gaban Oga.

Na jira ya yi mini gori, don in samu abin riƙewa. Shekara biyu ke nan bai ce uffan ba, ni ma ban faɗa wa Oga ba. Kujerar tana hannuna, malamai ni suke kira. Amma da, hannunsa kawai nake wa hassada. Yanzu har da zuciyarsa, wadda ta bar mini abin da na ƙwallafa rai a kai kamar ba komai ba.

Ranar da na fara tsallaka titin da kaina, sai da na bari ya tafi cin abinci. Na zauna a bencin, na kashe intanet ɗin shago. Tela ya ɗago kai daga kekensa ya dube ni.

"Shi ya aiko ka?"