Yaya Illo da kogon kuka

Bana shekara bakwai da rasuwar yayana Illo, wanda ya tsufa yana sayar da huluna a bakin titin Grand Concourse, nan ƙasar Turawa.

Mu zuriyar makaɗa ne. A ƙauyenmu can Nijar, mutanen dā ba sa saka makaɗi a ƙasa. Sarki a zaune ake binne shi cikin ɗakinsa, manomi a bayan gari, makaɗi kuwa sai a jingina shi cikin kogon wata tsohuwar kuka, a liƙe bakin da laka. Wai in gawarsa ta shiga ƙasa, ruwan sama zai ɗauke. An daina tun zamanin kakanmu, amma har yau a gindin kukar ake haƙa wa danginmu kabari, nesa da maƙabartar jama'a.

Illo ya leƙa kogon nan yana yaro, bai taɓa gaya mini abin da ya gani ba. Da ciwo ya kwantar da shi a ɗakinmu na unguwar Morrisania, sai ya riƙe hannuna.

"Sani, in na cika kada ka bari a sa ni jirgi a kai ni gida," ya ce. "Sanyin da na sha a titi ya isa a bar ni in kwanta cikin mutane."

Haka aka yi. A maƙabartar Musulmi da muka kai shi, layi ake bi, ba a tambayar ɗan wane ne. Wanda ya biyo shi a layin kuwa wani Alhaji ne, jikan sarkin ƙauyenmu. Da Illo zai ga maƙwabcinsa, na san sai ya yi dariya har da tari.

Ni ban yi ba, domin yanzu damina biyu ke nan gero na bushewa a gida, kuma wani ya tura hoton kaburburan biyu can. Kawunmu ya kira ni.

"Mutane na magana, wai binne Illo ne ya hana ruwa. A dawo da shi."

"Kawu, mu fa Musulmi ne."

"Masu maganar ma a sahun gaba suke salla. An daina gaida ƙanwarku a bakin rijiya."

Ranar Juma'a na kai wa kabarinsa ziyara. Da girmana na koyi karatu, sunansa da ke kan ɗan allon kabarin na karanta da kaina, ba a haɗa shi da sana'ar kowa ba. Abin da Illo ya bar mana ke nan, kuma ba zan taɓa shi ba. Na gaya wa ɗana ni ma nan nake so.

Jiya Kawu ya sake kira. Bai roƙe ni ba. Ya ce kawai an share bakin kogon kukar, ana jiran Illo.