Littafin Zuwa Biki

Mai shayin tashar jirgin ƙasa ta zuba wa wani dogon saurayi ido: hular takarda a ka, kumatu dumu-dumu da jan fenti. Daga gani ɗalibi ne da aka turo karatu ƙasar waje, ya biyo ayarin masu dawowa daga biki. To, ƙaton littafin da ke hammatarsa fa, na mene ne?

Kiran bidiyo na shigowa, ya fizge hular, ya laɓe bayan rumfarta, ya buɗe littafin, ya marairaice fuska.

"Mama, kin gan ni nan, karatu ba ɗaga kai."

"Sannu da ƙoƙari, ɗan albarka," in ji uwar. "Maza goge kumatun nan, ga babanka nan tafe."