Malam Ka-Gani

Muna fitowa daga sujada ran Lahadi matar Fasto ta riƙe hannuna. "Malama Rahila, kin ji Malam Ishaku ya huta?" Shekara biyu ke nan ina cewa zan je Fadan Kaje in ba shi haƙuri.

Kun san shi. Shi ke koyar da kimiyya a manyan azuzuwan sakandarenmu a Kafanchan, ni a ƙanana. Ko yaro ya ba da amsa daidai, sai ya ce, "Ka gani da idonka, ko gaya maka aka yi?" Har sunan ya bi shi.

Ranar darasin tururi ya kwashi aji guda zuwa tashar jirgin ƙasa. Direba ya saki tururi zai tashi, Malam ya ɗaga hannu: "Oga, ƙara ɗaya! Na baya ba su gani ba!" Kai! Kuma direban ya ƙara.

Wata rana ya shigo da tukunyar burkutu tana kumfa. Shugaban makaranta, dattijon coci, ya fito a guje.

"Ishaku! Giya a makaranta?"

"Ranka ya daɗe, kallo za su yi, ba sha ba."

"Darasin ba ya cikin littafi ne?"

"Yana ciki. Amma a littafi ba ya wari."

Sai sakamakon jarrabawa ya fito, bai yi kyau ba. A taron malamai aka nemi ra'ayina. Na ce yara suna bukatar rubutu a allo su haddace, ba yawo ba. Abin da na yarda da shi na faɗa, amma a gaban kowa na faɗa. Aka karɓe 'yan aji biyar daga hannun Malam aka ba ni.

Bai yi fushi ba. Ya miƙo mini mabuɗin ɗakin gwaji ya ce, "Ƙanwata, ki riƙa buɗewa, ko gizo-gizo ya sha iska." Ƙarshen shekara ya koma gonar citta a Fadan Kaje.

Ɗalibaina suna cin jarrabawa. Suna karanto mini dalilin tsatsar ƙarfe baki ɗaya kamar waƙar coci, amma ba wanda ya taɓa saka ƙusa a ruwa ya jira.

Ubangiji ya ba shi hutu, ya ta'azantar da iyalinsa. Gobe zan je Fadan Kaje jana'iza. Abin da na so faɗa masa, ban faɗa ba.