Saniyar da ke Cikin Kwamfutarmu

Mu uku ne a fadarmu ta shayi a Tanout: ni da nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, da tela mai shago a bakin kasuwa, da abokina ɗan Fulani, wanda iyayensa ke kiwo a wajen Belbeji, shi kuwa ya zauna gari yana gyaran babura. Ni Babarbare ne ta wajen uba, don haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsiya ba. In ya hango ni sai ya ce ga bawansa ya iso, ni kuma in ce ya wanke ƙafa kafin ya hau tabarmar mutanen gari.

A shekarar da nake magana, bakinsa ya kama zancen da ba na so, zancen arewa. Wane ya je Aljeriya ya dawo da abin hannu, wane ya gina wa uwarsa ɗaki, gyaran babur ba ya kai mutum ko'ina. Yana faɗa yana dariya, amma na san halinsa. Yana ma da ɗan bijimi a garken mahaifinsa, wanda yake kira kuɗin mota. Ni kuwa ba na son ya tafi, ko kaɗan ba na so. Faɗa masa haka ba zai yiwu ba, da sai ya shekara yana yi mini dariya. Sai na shiga neman turken da zan ɗaure shi.

Tela ne ya kawo turken bai sani ba. Wata rana ya nuna mana bidiyo a waya, wani saurayi yana haɗa kwamfutar wasa da hannunsa, ya sayi wannan nan ya sayi wancan can, ya ɗaura, ya kunna, sai ga 'yan ƙwallo kamar ka miƙa hannu ku gaisa. Mu da muka gaji da murza fuskar waya har yatsa ya yi kanta, muka saki baki.

Na ce, "Ai wannan watanda ce. Sai dai a watanda sa ake saye a raba nama, mu kuwa kowa ya kawo kasonsa mu tada sa."

Tela bai bari na rufe baki ba ya ce akwati nasa ne, da allon kallo. Ya zaɓi wani ɗan ƙaramin akwati mai gefen gilashi da fitilu masu sauya launi, ya ce komai kyan mutum in ba riga tsirara yake. Ni na ɗauki kayan da ba a yabo: babban faifan da ake dasa komai a kansa, da ƙwaƙwalwar, da akwatin wuta, da fankoki. Fankokin na fi dagewa a kansu, don wanda ya san bazarar yankinmu na Damargu ba ya wasa da iska. Na yi ta karatu a waya ina dawo musu da wa'azi, har suka fara zuba mini shayi da wuri don in yi shiru.

Saura abu ɗaya, kuma da gangan na bar shi. Ɗan Fulani, wanda ke kirana Mushe kamar yadda yaran lakwal ke kiran malami, ya dube ni ya ce, "To Mushe, a cikin tarkacen nan wanne ne uwar garke?"

Na ce, "Katin hoto. Shi ke zana duk abin da ido zai gani. In ya yi rauni, ɗan wasa zai ɗaga ƙafa a Tanout ya sauke ta gobe a Tarka. Amma akwai ƙarami daidai ƙarfinka. Na san Fulani da riƙe hannu, ba zan sa ka kuka ba."

Ranar kasuwar Belbeji ya hau babur ya tafi, ya dawo babu zancen bijimi. Ni kuwa na kwana ina murmushi, kuɗin mota ya zama kati.

Yadda ya zaɓi katin ba zan manta ba. Ya sa wani mai shagon kayan kwamfuta a Damagaram ya kira shi ta bidiyo, ya ce a juya masa shi, a nuna masa baya, a nuna masa ciki. Da ya ga ɗan layin nan mai ruwan zinariya da ke shiga cikin faifai, ya ce, "Tsaya in ga haƙoran da kyau." Ya ƙi mai fanka biyu, ya ce ƙirjinsa ya yi kaɗan, ya ɗauki mai fanka uku, dogo kamar damtsen hannu.

Kaya suka iso a motar Agadas da ke bi ta garinmu. Muka shimfiɗa tabarma, muka yi bismilla, muka fara ɗaurawa. Komai ya zauna lafiya sai katin. Aka tura ta nan ya ƙi, aka karkata ta can ya ƙi, ya fi akwatin tsawo. Muka juya muka zuba wa tela ido, mutumin da ko wandon jariri ba ya yankawa sai ya gwada, ga awon ma rataye a wuyansa. Ya ce shi mutane yake aunawa, ba ƙarfe ba. Ƙarshenta mai walda ne ya yanke gaban akwatin, wutsiyar katin ta leƙo waje. Tela, don ya wanke kansa, ya ɗinka wa wutsiyar hula da ragowar shadda, har da aiki a baki.

Da kwamfutar ta kama, mun sha daɗi. In an kawo wuta mu yi ƙwallo, in an ɗauke mu yi gardamar wanda da zai ci. Duk wanda aka lallasa sai ya ce zai cire kasonsa ya tafi gida, tela ma ya taɓa yin fushi ya tafi da igiyar allo a aljihu, sai da muka bi shi da ban haƙuri. Bazara ta wuce ban ji kalmar arewa ba. Na ce a raina, Babarbare ya ɗaure Bafulatani.

Damina ta zo ba ta yi kyau ba. Ciyawa ta ƙare da wuri, dabbobin mahaifin ɗan Fulani suka rame, kuma shi ne babba a ɗakinsu. Wata la'asar ya zo fada ya zauna bai tsokane ni ba, nan na gane. Ya ce ya sami wanda zai tafi da shi, bayan Juma'a za su tashi.

Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan ba laifi. Na ɗauko sukudireba na kwance katin, na ajiye masa a gabansa har da hularsa. Na ce, "Ga kayanka. Ka sayar ka yi guzuri."

Ya ɗauka ya juya shi, ya hure fankokin, sannan ya tura mini shi. Ya ce, "Mushe, duk karatunka ka san habbanaye?"

Na sani mana. Al'adarsu ce, mutum ya ba ɗan'uwansa aron saniya ya riƙe, ya sha nono, in ta haihu 'ya'yan nasa ne, sannan ya mai da uwar ga mai ita. Muddin tana hannunka, kai da shi ba ku rabu ba.

Na ce, "Kai, kati ba ya haihuwa."

Ya ce, "Wannan kuma ya rage naka. Ka riƙe ta har ta haihu. Ka zaci ban gane ba? Tun ranar da ka ce ina da riƙe hannu na ga igiya a bayanka. Ku Barebari ko ɗaure akuya ba ku iya ba."

Na ɗauki katin na mayar da shi mazauninsa. Tela ya sunkuyar da kai yana ta fifita gawayin da ya riga ya kama.

Yanzu an daɗe. Mun sauya ƙwaƙwalwa, mun sauya allo, har akwatin tela mun yi masa ritaya. Katin ne kawai bai motsa ba. Ya tsufa, sababbin wasanni suna yi masa nauyi, 'yan wasa sun fara ɗingishi. Tela kullum yana cewa mu sayar da shi mu ƙara mu sayi na zamani, ni kuwa ina ce masa ba a sayar da saniyar aro.

Can ba a rasa ba, saƙon murya yakan shigo daga arewa, da ƙarar injuna a bayansa. Ba ya tambayar lafiyata, ba ya tambayar iyali. Abu ɗaya yake cewa: "Bawana, saniyata ta haihu?"

Ni kuma in ce masa tana da ciki, ya zo ya gani da idonsa.